Surukina da Ƙugun Ƙarfe

Goggo, ƙanwar surukina, ita ce ta fara tambaya. Ta iso daga ƙauye ana shirin yi masa wanka, ta tsaya a tsakar gida ko takalmi ba ta cire ba, ta dubi ƙofar ɗakin da yayanta yake kwance, ta ce, "To, da ƙarfen za ku saka shi a rami?"

Mu mata muka sunkuyar da kai. Sai da aka kai maganar zaure, limamin unguwa ya aiko cewa abin da ya riga ya zauna a cikin jiki ya zama jiki, kada a taɓa shi. Goggo ta zame ta zauna a kan tabarma. "Ya zo duniya da ƙashinsa," in ji ta, "zai koma da na kanti." Ta ja mayafi ta rufe fuska, kukan da ta riƙo tun daga tasha ya ƙwace mata.

A kwana ukun da aka yi ana zaman makoki a gidanmu na unguwar Lamisula, a nan Barno, kamar mutum biyu ne suka rasu. A waje, ƙarƙashin bishiyar maina, wato dogon yaro, dillalan shanu suna ba da labarin mutumin da ya sha koro garke a ƙafa daga bakin tafki har kasuwar garin nan, wanda in ya dafa tozon bijimi ya gaya maka abin da zai yi a mahauta, kuma haka za a tarar. A cikin gida kuwa, maganar tsohon da aka kai asibiti aka yanka ake yi ƙasa-ƙasa. Wata ta ce da an bar shi da ɗingishinsa, da yanzu yana nan. Wata ta ce kwana ne ya ƙare, ko da ƙarfe ko babu. Wata tsohuwa ta rantse ƙarfe yana jan sanyi, shi ne ya hau masa ƙirji. Maƙwabciyata Babarbariya ba ta sa baki ba. Ta riƙe hannuna tana ta cewa, "Kanadi, kanadi," wato haƙuri da yarensu. Shi ko amininsa, wani dattijon Shuwa da suka yi dillanci tare tun suna da ƙarfi, ya ƙi zama cikin jama'a. Ya samu lungun zaure ya jingina, duk abincin da aka kai masa haka aka dawo da shi.

Ni matar ɗansa na fari ce. Na zauna gida ɗaya da Baffa fiye da shekara ashirin, kuma ni kaɗai ce a gida ranar da ya faɗi. Duk wadda ta zo gaisuwa sai ta ɗan saci kallona, kamar a bakina hukuncin yake. Ba ni da hukunci. Abin da na gani kawai nake da shi, kuma ina tsoron ƙananan 'ya'yana su tashi ba su tuna komai game da kakansu ba sai tsoho a kwance yana kallon silin. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Baffa a daji aka haife shi, a bayan shanu ya girma. Da aka yi fari ya cinye yawancin garken gidansu, ya shigo gari da ɗan abin da ya rage ya zama dillali. Gari ya koya masa abubuwa da yawa, amma bai koya masa hawa abin hawa ba. A ƙafa yake zuwa kasuwar shanu, sandarsa a gicciye bisa kafaɗu, hannuwa biyu a rataye a kanta. In mai keke ya tsaya masa don girmamawa, sai ya ce, "Je ka, ɗana, sauri nake yi." Yakan ce ƙafa ce kaɗai dabbar da ɓarawo ba ya korawa. Ko a shekarun da hanyoyin daji suka rufe, shanu suka daina shigowa, bai fasa fita ba. Ya je ya zauna a inuwa da abokansa suna kallon turaku wayam, da yamma ya tako ya dawo.

Ni kuwa 'yar Kanawan unguwar Fezzan ce, a cikin garin nan, gidan masu sayar da atamfa a Kasuwar Litinin, inda uba da 'ya'ya suke cin abinci ana musu da ƙarfi. Sai ga ni a gidan da surukina ba ya kallon fuskata, ba ya cin abinci in ina wurin, ba ya ambaton sunana, ba ya ma ambaton sunan mijina tunda ɗan fari ne. Da safe in na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi, bango yake duba ya amsa. In yana son wani abu ma bangon yake gaya wa. Sai ka ji daga ɗakinsa, "Da mutanen gidan nan za su rage gishiri, da sun kyauta." Ko kuma, "Ashe dai ana samun masu iya dama fura a birni." Wannan shi ne yabo mafi girma da na taɓa samu daga gare shi. Da farko na ɗauka ƙi na yake yi, har na yi kuka a ɓoye. Marigayiya surukata ce ta yi mini dariya, ta ce, "Ke, kunya ce. Wanda ba ya ganin girmansa ai ido cikin ido yake kallonsa."

Da jikoki kuwa wani mutum ne dabam. 'Yata ta fari "matata" yake kiranta, kullum suna rigimar ta ƙi yi masa tuwo, shi kuma ya ƙi kawo cefane. In na ji dariyarsu daga madafa sai in rage motsin ludayi don in saurara, domin da na leƙo zai kama kansa.

Na gane gaskiyar surukata ne lokacin jinyar mahaifiyata. Ta kwanta ciwon ajali a Fezzan, ina ta kai-kawo tsakanin gida biyu da goyo a baya. Wata safiya na ji Baffa yana gaya wa bangonsa, "Uwa ba a samun ta biyu a kasuwa. Mutanen gidan nan su tafi su zauna da tasu, mu yunwa ba za ta kashe mu ba." Na haɗa kaya na koma Fezzan. Tun daga ranar, kullum da hantsi sai a tarar da ƙwaryar kindirmo a zaurenmu an rufe da faifai. Babu sallama, babu saƙo. Yayana ne ya taɓa hango bayansa yana shan kwana, sanda a kafaɗa. A ƙarshe kindirmon nan kaɗai cikin mahaifiyata yake karɓa. Bayan rasuwarta na je na durƙusa zan yi godiya, ya dubi bango ya ce, "Wace ƙwarya kuma?"

Ciwon ya fara kamar wasa, 'yan shekaru bayan rasuwar surukata. Sandar ta sauko daga kafaɗa ta koma hannu. Ya riƙa tsayawa a hanya kamar gaisawa yake da mutane, alhali hutawa yake yi. Daga baya in zai tashi daga kan buzunsa sai ya dafa bango, ka ji wani ƙara a kwatangwalonsa na dama kamar an taka busasshen kara. An yi ƙaho, an yi sakiya, mai ɗori ya shafa abin da zai shafa, an sha saiwoyi har abinci ya daina yi masa ɗanɗano. Ranar da na leƙa ta zaure na ga ya ɗaga hannu ya tsayar da keke da kansa, na koma ɗaki na zauna, na rasa abin da ke yi mini daɗi. Ba a daɗe ba kasuwar ma ta gagara. Barci ya gagara. Salla ta koma a zaune.

Maigidana ya sha lallashi kafin Baffa ya yarda a ɗauki hoton ƙashin. Na bi su asibiti ina riƙe da ruwa da kati, na tsaya daga bayan ƙofa. Likitan ƙashin matashi ne, Hausarsa kaɗai ta isa ta gaya maka ɗan gari ne. Ya ɗaga hoton a haske ya nuna mana kan ƙashin cinya, wanda ya kamata ya zama mulmulalle yana juyawa a cikin kwarminsa. Na Baffa ya cinye, ƙashi yana gugar ƙashi. Ya ce babu maganin da zai mayar da abin da ya tafi, sai dai a cire kan a sa na ƙarfe, a gyara masa mazauni.

Baffa ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Yaro, kai Babarbare ne, ko?"

"Shi ne, Baba."

"To tun da Allah ya yi duniya, ka taɓa jin Bafulatani ya kwanta bawansa ya sa masa wuƙa?"

Likita ya ajiye hoton. "Baba, shanu nawa ka kai mahauta ba su yi maka gardama ba? Yau ubangidanka ya samu dama, ka bar ni in rama musu."

Baffa ya yi dariya har da tari. Kowa a Barno ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, amma ban taɓa zaton shi zai yi abin da lallashin 'ya'ya ya kasa ba. Likitan bai ɓoye masa komai ba. Ya ce aiki ne babba ga mai shekarunsa, ana dacewa, ana kuma samun akasi. Baffa abu ɗaya ya tambaya: "Zan taka masallaci da ƙafata?"

"In Allah ya yarda, in kuma ka bi doka."

"To, yanka."

Dokar ce ta zama rigima. Kafin ranar aiki an yi ta gwaje-gwaje, na jini, na zuciya, na sukari. Aka ce sai hawan jininsa ya sauka, ya sha magani ya sauka. 'Ya'yansa maza biyu suka ba da jini aka ajiye. Duk wannan ya jure. Sai ma'aikaciyar gashin ƙashi, wadda za ta koya masa tafiya bayan aikin, ta zaunar da mu ta faɗi abin da ba zai yi ba na tsawon watanni: ba zama a ƙasa, ba tanƙwashe ƙafa, ba tsuguno, ba sunkuyawa ɗaukar abu. Wato duk yadda Baffa ya san ana zama a duniya an hana shi. Ta ce a shirya gida tun kafin a yi aikin.

Muka shirya. Magini ya sa masai na zama a banɗakinsa, ya kafa ƙarfen dafawa a bango. Kafinta ya ƙara wa gadon tsawo, ya haɗa kujera mai tsayi da hannuwa. Ni kuma, ranar da suka tafi gwajin ƙarshe, na shiga ɗakin na naɗe tabarma da buzu, don an ce kada a bar komai a ƙasa da zai harɗe masa ƙafa. Buzun nan ya girmi aurena. A kansa yake salla, a kansa yake cin abinci, a kansa ya karɓi gaisuwar rasuwar matarsa.

Da ya dawo ya daɗe tsaye a bakin ƙofa. Sannan ya ce wa bango, da ƙarfi yadda zan ji daga madafa, "Ashe an yi rabon gado ban sani ba. Mai ɗakin dai bai mutu ba tukuna."

Na kai tuwo, ya dawo ba a taɓa ba. Na kai kunun safe, haka. Da hantsi haƙurina ya ƙare. Na tsaya a tsakar gida na fuskanci bangon ɗakinsa, na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "A gaya wa mai ɗakin nan, buzunsa yana kan sif ɗina, ba a sayar ba. In ya warke ya tako ya ɗauka da ƙafarsa. In kuma ya ƙi cin abinci likita ya fasa aiki, shi ya sani da Babarbarensa." Can sai na ji, "Bangon gidan nan ya yi baki." Da azahar kwanon ya dawo wayam.

Ranar aikin da sassafe suka shirya shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rigar da suka sa masa, wadda ake ɗaurewa ta baya. Ya ƙanƙame ta da hannu ɗaya ya juyar da kai, na gane, na fice kafin a turo gadon. Muka zauna a baranda, ni da maigidana, da ƙanensa da ya ɗauko hutu daga garin da yake aiki, da dattijon Shuwa yana jan carbi. Duk ƙofar da ta motsa sai mu miƙe, mu sake zama. Bayan azahar likita ya fito ya ce, "An gama, alhamdu lillahi. Bafulatanin naku ƙashinsa ya fi na bijimi tauri."

Washegari suka tayar da shi tsaye. Mu mun ɗauka wata zai yi a kwance, ashe ba haka ake yi ba. Aka kawo ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, ma'aikata biyu suka tallafe shi. Ina leƙe ta taga. Gumi ya wanke masa fuska. Ya tura ƙarfen, ya ja ƙafa, ya sake turawa. Ya dubi ƙasa ya ce, "Rayuwata duka ina bin masu ƙafa huɗu. Yau ga ni na fi su da biyu."

Makonnin farko a gida sun yi wuya. Lokacin zafi ne, wuta ba ta zama, fankar sola iskar zafi take juyawa. Cinyar ta kumbura, yana kwanciya rigingine da matashi a tsakanin ƙafafu. Ƙanen maigidana ne yake kai shi banɗaki, ya sa masa wando, ya wanke masa ƙafa in zai yi alwala. Ni nawa girki ne, da magani a kan lokaci, da tsayawa a bayan labule ina tuna musu motsa ƙafar da aka koya mana.

Amma ya samu sauƙi. Dole in faɗi wannan, domin masu cewa yanka ce ta kashe shi ba su ga wannan ba. Aka cire ɗinki, ciwon ya kame. Wata safiya ya ce wa bango, "Jiya an yi barci a ɗakin nan." Rabonsa da barcin kirki shekaru. Ya fara zagaya tsakar gida da ƙarfensa, daga ƙofarsa zuwa randa, daga randa zuwa zaure. Dattijon Shuwa yakan zo da hantsi su zauna, shi a kan doguwar kujerarsa kamar alƙali, suna musu a kan shanun da ba nasu ba. Har ya fara maganar Juma'ar da zai taka masallaci. Hutun ƙanen maigidana ya ƙare ya koma aiki, mu duka muna ganin an ci ƙarfin abin.

Ranar wata Juma'a maigidana ya ce zai zauna da shi ya yi azahar a gida. Baffa ya hau faɗa. Ya ce shi yana da uzuri, wancan ba shi da shi, ba za a rasa Juma'a a gidansa saboda tsohon ƙashi ba. Aka kai shi banɗaki, aka zaunar da shi a kujera, aka ajiye masa ruwa kusa. Maigidana ya kwashi yara maza suka tafi, yara matan kuwa suna gidanmu na Fezzan. Gidan ya rage ni da shi.

Ina tace shinkafa na ji ƙarar ƙarfe a kan siminti, sannan wani sauti da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Na tarar da shi a ƙasa tsakanin kujera da ƙofar banɗaki. Cikinsa ne ya juya, kuma maimakon ya kira ni in riƙe masa ƙarfen, ya tashi da gaggawa shi kaɗai, ya murɗa jiki a kan ƙafar da aka yi wa aiki. Ƙafar ta karkace ciki, ta gajarce. Abin da yake gudu kuma ya riga ya faru, tufafinsa sun ɓaci.

Na yi kansa. Ya ɗaga hannu. "A'a."

"Baffa, bari in tallafe ka."

"Na ce a'a. Don girman Allah."

Na cire mayafina na yafa masa daga ƙugu zuwa ƙasa, ina kallon gefe. Na kira wayar maigidana, a kashe, ana huɗuba. Na fita titi ba takalmi. Lamisular da ba ka jin maganar na kusa da kai don hayaniya, ranar shaguna duk a rufe, babu keke, ko mai tura ruwa ɗaya babu. Na buga ƙofar maƙwabciyata, muka dawo tare. Ta leƙa ta ce kada mu ɗaga shi, in muka ja ƙafar ɓarna za mu ƙara. Gaskiya ta faɗa, haka aka gargaɗe mu a asibiti. Ta tafi bakin titi jiran namijin farko da zai fito daga masallaci.

Na zauna a dokin ƙofa na ba shi baya. Ina jin numfashinsa, ina jin lasifikar masallaci daga nesa. Hannuwana lafiya lau, ƙarfina lafiya lau, ga shi kwance inda in na miƙa hannu zan taɓa shi, amma ba ni da abin yi.

Can ya ce, "Kina nan?"

"Ina nan, Baffa."

"Kada ki tafi. Amma kada ki juyo."

"To."

Sai ya fara magana, ina jin don ya danne ciwon ne. Ya ba ni labarin wata saniyar mahaifinsa, fara mai baƙin kunne, da ta zame ta karye a bakin rafi lokacin yana ƙarami. Manya sun yi nisa da garke. Ba shi da ƙarfin ɗaga ta, ba shi da wuƙa. Wuni ya yi zaune kusa da ita yana kore mata ƙuda. "Tana kallona, ina kallonta," in ji shi. "Na ɗauka ita ce abar tausayi." Ya yi nishi. "Ashe mai zaman ne."

Na cusa bakin zanina a baki don kada ya ji kukana.

"Yi haƙuri, 'yar mutane," ya ce. "Na ɗora miki abin da ba naki ba."

Haka muka zauna har aka sallame, na fara jin takun mutane a titi.

A asibiti suka ce ƙarfen ya goce daga mazauninsa. Suka sa shi barci suka mayar. Likita ya ce ƙashin bai karye ba, an yi sa'a, zai sake tafiya in ya daure. Ya gwada tsokanarsa: "Baba, haka Fulani suke, abin da aka ce kada su yi shi suke yi." Baffa bai rama ba. Silin yake kallo.

Daga nan bai ƙara yarda da ƙafar ba. In an tayar da shi sai ya ƙanƙame wuyan ɗansa. Ma'aikaciyar gashin ƙashi ta zo har gida, ta lallasa, ta yi faɗa, ta ce kwanciyar ta fi faɗuwar haɗari ga tsoho. Ya ce mata, "Gobe." Dattijon Shuwa ya zo ya ce an shigo da wasu bijimai da rabon a ga irinsu an daɗe, sai ya zo ya gani da idonsa. Ya ce masa, "Gobe." Muka samo mai jinya namiji. Muka sauya katifa. Na sauko da buzun na ba maigidana ya shimfiɗa masa a kan gado ko zai ji daɗi, ya shafa shi da tafin hannu kawai. Ya rage cin abinci, kuma mun san dalili: ba ya son abin da zai sa a ɗauke shi zuwa banɗaki. Babu wanda ya iya gaya masa mun sani. 'Yata ta zo daga gidan mijinta da tuwo, ta ce, "Maigida, yau dai na yi maka, ina cefanen?" Ya yi murmushi, ya ci loma ɗaya don ita, ya juya kai. Ya daina yi wa bango magana. Ina wanke-wanke ina kasa kunne ko zan ji an ce gishiri ya yi yawa, shiru.

Da damina ta sauka tari ya kama shi, ya sauka ƙirji. Aka koma asibiti, aka yi allurai, aka sa masa iskar numfashi. Muna tsaye muna kallo yana raguwa kamar ruwa a fasasshiyar randa. Ya cika da hantsi, kansa a kan cinyar ɗansa na fari. Ina baranda maigidana ya fito, ya zame ya zauna a ƙasa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Likitan ya zo gaisuwa ranar uku. An ce a ƙarshen tabarma ya zauna, ya yi addu'a, da zai tashi ya ce wa maigidana, "Tsohon nan ya tafi bai rama mini ba."

Bayan arba'in wata mata daga bayan layinmu ta yi sallama. Sanin gani kawai na yi mata. Ta yi gaisuwa, ta yi ta murza bakin mayafi, sannan ta ce mahaifiyarta ce gwiwa ta cinye, ko bakin ƙofa ba ta iya kai kanta, likitoci sun ce a canza mata. An gaya mata mu mun bi hanyar.

"Don Allah, Yaya, ki gaya mini gaskiya. Mu kai ta, ko mu bar ta?"

Na gaya mata ya yi barci bayan shekaru ba ya yi. Na gaya mata ya taka har zaure ya yi musu da abokinsa. Na gaya mata ya faɗi, da abin da ya biyo baya. Ta saurara, ta ci gaba da kallona tana jiran in ce mata wanne ya rinjayi wanne.

"Ban sani ba," na ce. "Wallahi ban sani ba."

Ta gyaɗa kai, idonta ya ciko. Ta ce tsohuwar ma kullum ita take tambaya, ita kuma ba ta da wanda za ta tambaya. Da za ta tafi na ce ta aiko a ɗauki kujerar da ƙarfen dogarawa, ko an yi aikin ko ba a yi ba za su yi mata amfani. Da la'asar mai keke ya zo ya ɗaure su ya tafi.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa makwanci, ya suturta shi a can kamar yadda ya so sutura a nan. Wanda wannan rubutu ya kai gare shi, ya sa shi a addu'a. Ya sa tsohuwar bayan layinmu ma, domin har yau da nake rubutun nan 'ya'yanta ba su yanke shawara ba.